Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Hukumar Ilimin Bai-Ɗaya ta Jihar Neja: Hutun Hunturu da Bitar Malaman Ƙasar Salka

Daga Salka, Ƙaramar Hukumar Magama, Masarautar Kontagora.



Shekarar karatu a makarantun firamare da ƙananan sakandare na Jihar Neja zango uku ce, kowane zango da hutunsa a bayansa. Hutun farko yakan kama daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu, wajen mako uku, ana tsakiyar hunturu. Na biyu yakan faɗo wajen Afrilu, sa'ad da zafin bazara ya kai matuƙa. Na uku shi ne dogon hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, damina ta kankama. A kan takarda dogon hutu ne ya fi dacewa da tara malamai a yi musu bita, tun da shi ya fi yawan kwanaki, kuma shi ya sa kwalejoji da jami'o'i suka saba ɗora karatun malamai masu aiki a kansa. A ƙasar Salka lissafin ba haka yake fita ba. Abin da wannan wasiƙa ke roƙo shi ne Hukuma ta mai da hutun hunturu lokacin bita na dindindin ga malaman wannan yanki, ta kawo bitar kusa da su, ta kuma haɗa mata 'yar tafiyar buɗe ido.

Malamin ƙauye a Magama manomi ne, kuma da gonar yake cike giɓin da albashi ya bari. A watan Agusta hankalinsa na wajen maimai da sa taki da shukar wake da dashen shinkafa a fadama. Kwana biyar da za a ɗauke shi zuwa bita a wannan lokaci na iya zama kwana biyar ɗin da ciyawa za ta cinye masa masara. Hanya ma ba ta yarda. Rafuka sun cika, laka ta kama, akwai tungayen da sai an ɗauki babur a ka kafin a ƙetare zuwa bakin titi. Disamba kuwa an yanke dawa, amfani ya shiga rumbu, ƙasa ta bushe, ɗan acaɓa na shiga kowane lungu, hatsi na da sauƙi a kasuwa, ajin kwano kuma ana iya yini a cikinsa ba a jiƙe da gumi ba. Akwai wani dalilin da ya fi waɗannan nauyi ta fuskar aikin kansa. A Disamba malami ya riga ya yi zango guda da ajinsa. Ya san yaran da ba su rarrabe baƙaƙe ba, ya san darasin da ya gagare shi, yana da tambayar da zai kawo. Sauran zango biyu kuma suna gabansa da zai gwada abin da ya koya a kan yaran nan dai. Wanda aka yi wa bita a Agusta bai ma san ajin da za a ba shi ba.

Ba dukan hutun ne ke samuwa ba. Salka gari ne na Musulmi da Kirista da masu bin al'adar kakanni, kuma makarantar Littafi Mai Tsarki ta cocin UMCA ta daɗe a garin. Daga jajiberin Kirsimeti zuwa sabuwar shekara ranakun iyali ne, bai kamata a taɓa su ba. Abin da ya rage shi ne makon da ke bin rufe makaranta, ko makon farko na Janairu kafin a koma. Mai tsara jadawali kuma ya riƙa duban wata, domin azumi yana matsowa da kwana goma sha ɗaya duk shekara, kuma a 2030 zai shigo cikin wannan hutu.

Doka da kuɗin wannan aiki duk suna nan tun tuni. Tsarin ilimi na ƙasa ya sa takardar NCE ta zama mafi ƙanƙantar shaidar da ake koyarwa da ita. An kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna a 1976, shekarar da aka fara firamare kyauta ga kowa, domin ta ɗaga malaman da aka ɗiba cikin gaggawa ba tare da sun bar aji ba, kuma har yau a ƙarshen mako da lokutan hutu take haɗuwa da ɗalibanta. Hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda doka ta 31 ta 1993 ta kafa, tana ba da lasisin da ake sabuntawa, kuma ta ɗora wa kowane malami ci gaba da neman horo muddin yana aiki. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, kuma a tsarin rabon da aka daɗe ana bi, kashi 10 cikin 100 na wannan kuɗi na horar da malamai ne, ta hannun hukumomin jihohi irin wadda Shugaba ke jagoranta. Ita ma jihar, a zamanin Gwamna Abubakar Sani Bello, ta buɗe cibiyar horar da malamai a Mararrabar Ɗandaudu. Saura a ga yadda duk wannan yake isa ga malamin aji biyu a wata tunga da ke bayan Salka.

Neja ita ce jiha mafi faɗin ƙasa a Nijeriya, murabba'in kilomita sama da 76,000, da ƙananan hukumomi 25. Bitar da aka shirya a Minna kusa take ga malamin Bosso ko Paikoro, amma ga na Magama tafiya ce ta yini guda. A ɗauki yadda abin yakan kasance. Saƙo ya shigo wayar hedimasta ranar Juma'a da yamma cewa ana neman malami ɗaya ranar Litinin da safe. Wanda aka zaɓa zai kwana yana neman rance. Lahadi da asuba ya hau babur cikin hazo zuwa bakin titi, ya jira mota ta cika, ya bi ta Ibeto zuwa Kontagora, ya sauka a tasha ya sake jiran wata. Daga Kontagora zuwa Minna kaɗai kusan kilomita 200 ne, ta Tegina da Zungeru. Ya isa da almuru, ƙura ta rufe masa gira, ya nemi ɗan'uwa ko ɗan garinsu da zai ba shi tabarma. Washegari ya zauna a babban zaure cikin mutum ɗari biyu, mai jawabi na can gaba yana haska rubutun Turanci a bango, ana raba jaka da biro da kundi. Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur kuɗin mota ya ninka fiye da sau ɗaya, mafi ƙanƙantar albashi a jihar kuwa Naira 80,000 ne. A al'adar da ta zama ruwan dare a ƙasar nan, alawus sai an gama bita yake fita, wani lokaci da jinkiri. Malamin da ya ci bashi ya je sau ɗaya, in aka sake kira yakan ce a ba wani.

Malama ta fi shi shan wuya. Mai goyo ba za ta yi wannan tafiya ba, wata kuma maigida ba zai bar ta ta kwana biyar a garin da ba ta da kowa ba. Neja na cikin jihohin da suka amfana da shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF da gwamnatin Birtaniya, wanda ya ɗauki nauyin 'yan matan karkara suka yi NCE bisa sharaɗin su koma ƙauyukansu su koyar. An kashe kuɗi da shekaru kafin a samu waɗannan malamai, kuma zamansu a aji na cikin abin da ke sa uba ya bar 'yarsa ta ci gaba da zuwa makaranta. Duk bitar da sai an kwana a Minna ta riga ta cire yawancinsu tun kafin a rubuta sunaye.

Ga kuma tsaro, wanda mutumin wannan yanki ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kansa. An kwashe ɗalibai da ma'aikata a kwalejin kimiyya ta Kagara a Fabrairun 2021, an kwashe yaran Islamiyya sama da 100 a Tegina a ƙarshen Mayun wannan shekara, sai kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni. A Nuwamban 2025 aka shiga makarantar Katolika ta Papiri a Agwara aka tafi da ɗalibai sama da 200 da malamansu, har gwamnati ta rufe makarantun jihar. Tara malamai masu yawa a wuri ɗaya su kwana, ko ɗora su kan doguwar hanya a ranar da kowa ya sani, kasada ce da za a iya kauce mata. Ƙananan taruka na rana, kowa ya kwana gidansa, sun fi aminci, sun kuma fi araha.

Tsarin da ya dace shi ne na rukuni. A haɗa makarantu biyar zuwa takwas da ke kusa da juna, a zaɓi ɗaya ta zama cibiya, malamai talatin ko ƙasa da haka su riƙa zuwa da safe suna komawa da la'asar har kwana biyar. Salka da Nasko da Auna da Ibeto kowannensu na iya riƙe rukuni fiye da ɗaya. Wannan ba baƙon abu ba ne a jihar. Neja na cikin jihohi uku, tare da Kaduna da Filato, da aka fara gwada shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya daga 2006, da tallafin hukumar JICA ta Japan. A can ne malamai da yawa suka fara jin cewa yaro ya taɓa abu da hannunsa kafin a rubuta masa a allo, kuma abin da ke tsakar gida ya isa kayan aiki. Raunin irin wannan shiri shi ne yadda yake gangarowa hawa-hawa: a horar da 'yan kaɗan a Kaduna, su horar da wasu a Minna, waɗannan su horar da na ƙananan hukumomi. Kamar ruwa ne da ake miƙawa daga tafin hannu zuwa tafin hannu, na ƙarshe danshi kawai yake samu. Maganinsa shi ne ƙwararren ya sauko da kansa. A Kontagora akwai kwalejin ilimi ta tarayya da aka kafa a 1978, wadda aka ɗaga zuwa jami'ar ilimi. Kawo malamanta goma zuwa Magama na mako guda ya fi sauƙi a kan kai malaman firamare ɗari uku Minna, kuma su ma za su ga irin ajin da ɗalibansu ke shiga bayan sun karɓi takarda. A haɗa su da tsofaffin hedimastoci na yankin, waɗanda suka fito daga kwalejojin horon malamai na da, suka san yadda ake riƙe aji da tsara darasi a rubuce.

Abin da za a koyar shi ne inda aka fi yin kuskure. Bita kan manufofin gwamnati da cike fom tana da ranarta, amma ba ita ce damuwar malamin Salka ba. Damuwarsa ta farko harshe ne. Yaron da ya shiga aji ɗaya a nan galibi da Kambarci ya tashi, wanda masu shi ke kira Tsishingini, a wajen Auna kuma Tsikimba ake ji. Hausarsa ta kasuwa ce da wasa, wani ma sai a makaranta zai fara jin ta sosai. Ɗan ruga ya zo da Fulatanci. Littafin da aka raba kuwa da Turanci yake. Tun 1977 tsarin ilimi na ƙasa ya yarda a fara koyar da yaro da harshen gida ko na yankinsa. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta ce a kai wannan har aji shida, sai kuma a Nuwamban 2025 ministan ilimi ya sanar da soke shi, a koma Turanci. Ko wacce doka ke aiki, yaron da bai gane abin da ake faɗa ba haddar sauti kawai zai yi, kuma malamin da ke gabansa dole ya san yadda zai ɗauko shi daga harshen da ya sani zuwa wanda bai sani ba. Wannan gwaninta ce da ake koyo, kuma kaɗan ne aka koya wa ita a kwaleji. Salka na da abin farawa da ba kowane gari ke da shi ba, domin an yi shekaru ana aikin rubuta Kambarci a nan, an daidaita baƙaƙensa, an buga littattafan koyon karatu. Waɗanda suka yi wannan aiki suna cikin gari, kuma ya kamata a ba su kujera a wurin bita. Ta ɓangaren Hausa, shirin Mu Karanta da aka yi a Sakkwato da Bauchi, da shirin RANA na Katsina da Zamfara, sun bar littattafan ɗalibi da jagoran malami da aka riga aka gwada a aji. Ba sai an ƙirƙiro sabo ba.

Damuwa ta biyu ita ce malamin kansa ya san abin da yake koyarwa. Wannan magana ce mai nauyi, kuma a faɗe ta da mutunci. A 2017 Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa, 21,780 suka kasa cin makin da aka sa, aka sallame su. Abin da jarrabawar ta tono gaskiya ne, ba kuma a Kaduna kaɗai yake ba. Sai dai a ƙauyen da ba kowa ke yarda a tura shi ba, malamin da yake nan, yake jin harshen yaran, yake kwana a cikinsu, shi ne jarin da ake da shi, kuma gyara shi ya fi kusa a kan neman madadinsa. Mutumin da ya yi shekara goma sha biyar rabonsa da a zaunar da shi a sake nuna masa kasa-kasau ko auna fili ba abin kunya ba ne in ya manta. A ba shi wurin da zai ce bai gane ba, ba tare da tsoron sunansa zai shiga wata takarda ba.

Yadda zaman zai kasance ana iya kwatanta shi da darasi ɗaya. An tara yara goma sha biyar na unguwa, an ba su kunun safe, sun zauna. Malami ɗaya ya tashi zai koyar da ɗebe 17 daga 32, sauran abokan aikinsa na jingine da bango suna kallo. A kan tebur akwai tsinkayen karan dawa, an ɗaure su goma-goma da zare: ɗauri uku da tsinke biyu. Ya ce wa wata yarinya ta ba shi bakwai. Ta duba biyun da ke warwatse, ta duba shi, ta yi shiru. Can sai ta miƙa hannu ta kwance ɗauri ɗaya, tsinkaye suka zama goma sha biyu, ta ƙirga bakwai ta ba shi. Sau da yawa a irin wannan wuri wani daga cikin manyan da ke bakin bango yakan yi ajiyar zuciya, domin ya yi shekaru yana cewa yara su aro ɗaya, sai yau ya ga da idonsa abin da ake arowa. Bayan yara sun fita a zauna a tattauna: ina darasin ya yi santsi, wane yaro aka bari a baya, me za a sake. Gobe wani ya koyar da shi a gyare. Japanawa sun fi shekara ɗari suna wannan, suna kiransa nazarin darasi. Wani bincike da masanan Bankin Duniya suka fitar a 2018, bayan sun duba shirye-shiryen horar da malamai a ƙasashe masu tasowa, ya nuna waɗanda suka fi taɓa karatun yara su ne masu tsayawa kan fanni guda, masu sa malami ya gwada darasi a wurin horon, masu farawa da haɗuwa ido da ido, da waɗanda aka ɗaura su da ƙarin girma ko albashi. Duk huɗun ana iya yin su a firamaren Salka da alli da karan dawa.

A bar rana ɗaya ga abubuwan da suka keɓanta da karkara: yadda malami ɗaya zai riƙe aji biyu ko uku a lokaci guda, yadda za a dawo da yaran da suka ɓace lokacin girbi ko ranar kasuwa, da abin da malami zai yi in labarin hari ya iso ana cikin aji.

Sai batun tafiya. Jihar nan tana da hujja a kansa daga ɗanta na cikinta. Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, malamin makaranta ne kafin ya zama ɗan jarida. Ya je Ingila a 1943 cikin ayarin editocin Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta littafin da ya sa wa suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana malami a Bauchi aka tura shi cibiyar ilimi ta Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi bayansa a 1946, kuma da ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Mahukuntan wancan zamani, duk da ƙarancin abin hannunsu, sun gane cewa malamin da ya ga duniya daban yake koyarwa. Abin da ake nema wa malamin Magama bai kai Landan ba. Mota ɗaya ce da yini ɗaya ko biyu a ƙarshen bita.

Madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, tana kudu maso yammacin Salka, tafiyar 'yan sa'o'i. Akwai malaman da suka yi shekaru suna zana yadda ruwa ke zama wutar lantarki a allo, ba su taɓa tsayawa sun ji rugugin injinan ba. Tafkin da ta haifar ya haɗiye tsohuwar Bussa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, ya kuma tashi dubban mutane daga garuruwansu, cikinsu har da Kambari. Darasin kimiyya da na tarihi da na zaman jama'a ke nan a wuri ɗaya. A Sabuwar Bussa akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, inda malamin aikin gona zai ga yadda ake ƙyanƙyasar kifi. Kontagora kanta, wadda Umaru Nagwamatse jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa a 1864, yawancin malaman yankin tasharta da kasuwarta kawai suka sani. Tarihinta yana da ɓangaren da ake bayarwa a fada, yana da wanda dattawan Kambari ke riƙe da shi, mai ɗaci a wasu wurare, kuma malamin da zai koyar da 'ya'yan kowa ya kamata ya ji duka biyun daga bakin masu su. Zungeru, hedkwatar Arewa daga 1902 har aka koma Kaduna, tana kan hanyar da malami ke wucewa a guje in an kira shi Minna. Masu koyar da noma kuma Badeggi ce tasu, wurin cibiyar binciken hatsi ta ƙasa, ko da yake ita sai an kwana. Gandun dajin Kainji, wato Borgu da Zugurma, a halin rashin tsaron da ake ciki a bar shi tukuna. Kowace tafiya a yi ta da rana, da ƙaramin ayari, da shawarar jami'an tsaro da sarakunan hanya, ba tare da shela ba.

Mafi arahar tafiye-tafiyen ita ce wadda aka fi mantawa: malami ya je ajin wani malami. Hutun jihohi ba ya faɗuwa rana ɗaya, saboda haka ana iya samun makon da Neja ta rufe, wata jihar ba ta rufe ba. Hedimastoci shida da suka yini a wata firamaren Sakkwato inda karatun Hausa na aji ɗaya ya zauna da gindinsa za su dawo da abin da kundi ba ya ɗauka.

Ƙofofin ƙasashen waje ma akwai su, ko da yake ƙunci gare su. Amurka ta daɗe tana gayyatar malaman sakandare kwas na mako shida a ƙarƙashin shirin Fulbright. Japan na ba da gurbin shekara ɗaya da rabi ga malami mai digiri da ya yi shekara biyar yana aiki, wanda bai kai 35 ba. Duka da Turanci ake nema, watanni kafin tafiya, kuma fasfo kaɗai ya koma Naira 100,000 tun Satumban 2025, sama da albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Abin da Hukuma za ta iya shi ne ta sa jami'i ɗaya ya riƙa tattara waɗannan sanarwa yana aika wa sakatarorin ilimi da wuri, a zauna da wanda ya cancanta a cike takardu lokacin bitar hunturu, a kuma ɗauke masa kuɗin fasfo in ya yi nasara.

Duk wannan zai rushe in zaɓe bai yi adalci ba. Kukan malamai a ko'ina shi ne fuskoki ɗaya ake gani a kowace bita, wasu ma ba sa riƙe aji. Tsarin rukuni ya rage wannan, tun da kowa na ciki. Inda dole a zaɓa, kamar tafiya, a yi bi da bi, a liƙa sunaye a ofishin sakataren ilimi da kowace cibiya wata guda kafin ranar, a ware wa malamai mata kasonsu, a kuma buɗe rajistar da ke nuna wa ya je me, a wace shekara. Hutu haƙƙin malami ne, wanda aka karɓi kwana biyar daga cikinsa a biya shi. Kuɗin mota ya shiga asusunsa kafin ranar farko, ba a fafe gora ranar tafiya. A tanadi abincin rana daga masu tuwo na garin, da inuwa da mai reno domin masu goyo. Takardar shaidar da za a bayar ta zama wadda TRCN ta amince da ita, ta kuma shiga lissafi ranar ƙarin girma. Dokar 2022 ta ba malami damar kaiwa shekara 65 ko shekara 40 yana aiki, saboda haka wanda aka ɗauka yau yana iya kasancewa a aji har 2060 da wani abu, kuma bita ɗaya a shekara goma ba za ta riƙe shi ba.

Bayan an koma makaranta a Janairu aikin yake farawa. Jami'an duba makarantu na ƙaramar hukuma, waɗanda su ma suka zauna a bitar, su shiga ajin kowane malami aƙalla sau biyu a zango, su zauna a bencin baya har darasi ya ƙare, su yi magana da shi a keɓe. Ba za su iya ba sai da man babur, kuma a rubuta shi cikin kasafin bitar tun farko. Rukuni ya riƙa haɗuwa rabin yini sau ɗaya a wata. Shirin horar da malamai da Birtaniya ta tallafa a Jigawa da Katsina da Zamfara daga 2013 ya raba gajerun bidiyon darussa a waya, kuma irin wannan ana iya zuba shi a katin waya a kalla ko babu sabis. A auna yara a Janairu da gwaji mai sauƙi, baƙi nawa yaro ya gane, kalma nawa ya karanta a minti ɗaya, a sake aunawa a Yuli, domin Hukuma ta san rukunin da ya motsa da wanda ke neman ƙarin hannu.

Matakin farko yana kan teburin Shugaba. Jadawalin shekarar karatu yakan fita kafin Satumba, kuma a cikinsa ne ya kamata makon bitar hunturu ya bayyana da ranakunsa, kamar yadda ranar jarrabawa da ranar hutu suke bayyana, don malami ya tsara girbinsa da bikin gidansa, mai horarwa a Kontagora ya keɓe makonsa, kuɗin UBEC kuma a nemo shi tun damina. In ana son gwaji kafin a game jihar, Magama ta isa: rukunan Salka da Nasko da Auna da Ibeto, malaman aji ɗaya zuwa uku, karatu da lissafi kaɗai a shekarar farko, da mota ɗaya zuwa Kainji a rana ta shida.